Yadda ake cuɗa irin waken suya da hodar rizobiyam don rage sayen taki

Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin da manomi ke biya da tsada a buhun yuriya. Waken suya na iya samun nasa daga iska, muddin akwai bakteriyar rizobiyam a saiwarsa. A Barazil haka ake noma shi ba tare da takin naitirojin ba.

Ba a gida ake haɗa hodar ba. A ɗakin bincike ake renon bakteriyar cikin ruwa, a gauraya ta da baƙin ruɓaɓɓen ciyayi da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, a rufe a leda. Cibiyar IITA da ke Ibadan tana yin tata mai suna NoduMax. Naka shi ne ka duba ranar ƙarewar aiki, ka tabbata ta waken suya ce, don ta gyaɗa ko ta wake daban take. Abu ne mai rai. Wadda ta yini a rana kan teburin ɗan kasuwa, bar masa kayarsa.

Ranar shuka, ka samu inuwa da roba mai tsabta. Narka ƙaro a ruwan ɗumi, in babu ƙaro sukari ma ya yi, ka bari ya huce. Yayyafa wa irin kaɗan, ya yi danshi kawai, kada ya jiƙe har ɓawon ya saɓule. Sai ka barbaɗa hodar, kamar giram 10 ga kilo ɗaya na iri, ka juya a hankali har kowace ƙwaya ta yi baƙi. Shanya a inuwa na ɗan lokaci, ka shuka a ranar cikin ƙasa mai laima, kana rufe ramin nan take.

A nan da yawa ke kuskure: sai su bi da yuriya wai don ƙarin ƙarfi. Shukar da ta samu naitirojin a ɓagas ba ta damuwa da bakteriyar. Takin sufa, wato mai sinadarin fosfaras, take so, shi ma a gefe, kada ya taɓa irin.

Bayan mako biyar zuwa shida, tono tushe biyu ko uku da fartanya, ka wanke saiwar. Za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a jikinta, a ciki bakteriyar ke zaune. Fasa ɗaya da farce: ja-ja a ciki, aiki na tafiya, fari ko kore, babu abin da yake yi.

In ka girbe, bar saiwa da ganyen a gonar, baɗi ka sa masara a wurin.