Yadda sabon ɗalibin Adabin Ingilishi zai kama ƙasa a ABU Zariya

Harabar Samaru gari ce guda. Ɗan aji ɗaya a sashen Ingilishi kan shafe makonni daga ɗakin lakca sai hostal, bai san akwai ƙofofin da ke jiran ya ƙwanƙwasa ba. Ga yadda za ka bi.

Fara da malamin da sashe ya ɗora wa kula da ajinku, wanda ɗalibai ke kira kodineta. Kafin ka kammala rajistar kwasa-kwasai, kai masa takardar ya duba. Shi ya san kwas ɗin da yake wajibi da wanda yake na zaɓi. Kuskure ɗaya a nan kan bi mutum har aji huɗu, a ce sai ya ƙara zango. Ka gaishe shi, ka faɗi sunanka da lambarka, ka tafi kai tsaye ga abin da ya kawo ka.

Daga nan nemi shugabannin NASELS, ƙungiyar ɗaliban Ingilishi da nazarin adabi. Biya kuɗin ƙungiya, karɓi rasit, a sa ka a zauren WhatsApp na ajinku. Ba don liyafar ƙarshen shekara ba. 'Yan aji uku da huɗu ne jarinka: a wurinsu ake samun tambayoyin jarrabawar baya da aron littattafai.

Mataki na uku shi ne wanda na fi so ka riƙe. Je zaman ƙungiyar marubuta ta Creative Writers' Club, ko da ba ka taɓa rubuta baiti ɗaya ba. Zuwan farko zauna a baya, ka kasa kunne. Na biyu ka zo da shafi guda, waƙa ko gajeren labari, ka tashi ka karanta da murya. Takardar za ta yi rawa a hannunka, wani kuma zai ce layinka na uku bai da amfani. Kada ka kare kanka, rubuta abin da ya faɗa a gefen shafin. Ɗalibi da yawa sun iso jami'a Turancinsu na takarda ne, baki bai saba ba, kuma lakca mai ɗaruruwan mutane ba ta gyara wannan. Zama irin wannan ne ke gyarawa. In ana wasan kwaikwayo a Drama Village, dandalin nan na ginin laka, leƙa. Wasan da ka gani a tsaye ya fi zama a ka fiye da wanda ka haddace.

Sai Laburaren Kashim Ibrahim. Yi rajista tun makon farko, ka roƙi ma'aikaci ya nuna maka kantocin adabi da yadda ake shiga mujallun nazari ta intanet. Karanta littafin kansa, taƙaitawar waya ba ta ɗaukar mutum a jarrabawar sharhi.

In aljihu ya yi ƙasa, akwai bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, da aka fara a 2024, ta shafinsu ake nema. In kuwa damuwa ce ta hana ka barci, tambayi ofishin kula da harkokin ɗalibai inda masu ba da shawara suke. Katin asibitin makaranta ma, buɗe shi tun kana da lafiya, kada ka bari sai zazzaɓi ya kwantar da kai ana gobe jarrabawa.