Abin da za ka ɗora babur a kai kafin ka kwance masa taya

Boxer mai injin 100 nauyinsa ya ɗan haura kilo 100, masu injin 150 kuwa sun fi haka. A kan titi ba a jin wannan nauyin, sai ranar da aka zare tayar baya a tsakar gida babur ya goce ya danne wa mutum hannu. Saboda haka kafin ka ɗauki sifana ka tambayi kanka: wace taya ce za ta bar ƙasa, kuma wane ɓangare nake so nauyi ya sauka daga kansa? Amsar ita za ta zaɓa maka abin ɗagawa.

Yawancin baburan da ke yawo daga Sabon Gari zuwa Samaru a Zariya, irin su Boxer da Jincheng da Haojue da roba-roba, sun zo da sitan na tsakiya mai ƙafa biyu, wanda makanikai ke kira dabul. In naka lafiyayye ne, ya ishe ka canjin baƙin mai, ɗaure sarƙa da sa mata mai, gyaran birkin baya, har da canjin shokozoba, domin nauyin yana kan firem ne. Matsalar ita ce ba kasafai ake samunsa lafiyayye ba, musamman a babur ɗin da ya yi acaɓa ko wanda ake zama a kai ana hira alhali yana kafe.

Ga yadda za ka gane. Kafe shi a kan siminti, ka juya tayar baya da hannu. Ya kamata ta juya ba ta taɓa ƙasa ba, da ratar yatsa ɗaya ko biyu. In tana gogar ƙasa, to ƙarfen da ke tare sitan ɗin ya cinye, ƙafafun sun zarce gaba fiye da kima, babur ya zauna. Mai walda zai iya cike wurin. Sannan ka kama kariya ka girgiza hagu da dama. In yana rawa, ramin da sandar sitan ke juyawa a ciki ya buɗe, ko ƙafa ɗaya ta lanƙwashe. Duba sifirin ɗin da ke janye sitan sama shi ma, wanda ya saki yana barin sitan ya riƙa jan ƙasa a kwana.

Dabul yana naɗewa ne idan babur ya gangara gaba, kuma turi kaɗan ya isa, kamar wanda ake yi wajen fama da noti mai taurin kai. Maganinsa igiya mai ƙarfi: ɗaura ƙafar sitan ɗin, ka ja ta gaba ka ɗaure a tayar gaba ko a jikin firem. Ka matse hannun birkin gaba ka naɗe shi da robar tsohon tub. Noti na tsakiyar taya kuwa, ka sassauta shi tun tayoyin biyu na ƙasa, ɗaurin ƙarshe ma sai bayan ka sauke.

Ƙasan da ka kafe a kai shi ne rabin aikin. Jar ƙasar tsakar gida da rani tauri gare ta kamar daɓe, amma da damina, ko inda ake zubar da ruwan wanki, ƙafa ɗaya kan nutse a hankali, babur ya kwanta kana tsaka da aiki. Shimfiɗa katako mai kaurin inci 1, faɗinsa ya wuce ƙafafun biyu, ka kafe a kai. Yana hana nutsewa, kuma yana ƙara tsayin da tayar baya za ta fita daga ƙarƙashin murfinta ba sai an karkata babur ba. Hawa kan katako ya fi wuya, don haka ka tabbata ƙafafun biyu sun zauna daidai, ka taka hancin sitan ɗin da nauyin jikinka duka, hannun dama na jan kariya sama da baya.

Tayar gaba ita ce mai rikici. A kan dabul gaba ne ke da nauyi, kana zare tayar sai ƙafafun shokozoba su daki ƙasa. Wasu kan ɗora buhun hatsi a kariya ko su sa yaro ya zauna a baya. Buhun yana aiki, yaron kuwa yana iya sauka don an kira shi. Abin da ya fi shi ne jak ɗin mota mai murɗawa, ka sa shi a ƙarƙashin gaban inji ko firem, da guntun katako a tsakani, ka ɗaga har tayar gaba ta saki ƙasa kawai. Kada kan jak ya faɗa kan salansa ko notin zubar da baƙin mai, kuma kada ƙarfe ya haɗu da jikin inji kai tsaye: alminiyom ne, tsagewa yake yi. Jak ɗin mota mataimakin dabul ne, shi kaɗai ba ya riƙe babur domin wuri ɗaya yake tokarewa.

Bulo kuwa a bar shi wa magina. Cikinsa rami ne, simintinsa sau da yawa kaɗan ne, kuma ba ya ba da sanarwa kafin ya ruguje. In dole sai an tokare, a nemi gungumen katako mai shafaffen sama da ƙasa.

Baburan da ba su da dabul, kamar manyan na gudu da ake shigowa da su, suna bukatar sitan na baya mai ƙananan tayoyi da dogon mariƙi, wanda ke ɗaga hannuwan ƙarfe biyu masu riƙe da tayar baya. Iri biyu ne: mai tafin roba da ke shiga ƙarƙashin hannuwan, da mai ƙugiya da ke kama wasu ƙananan maƙalai da ake ɗaurawa a jikinsu. Mai ƙugiya ya fi kamu, amma sai in babur yana da ramukan maƙalan, kuma zarensu ya bambanta, akwai milimita 6 da 8 da 10, sai ka auna kafin ka saya. Mutum biyu ake so wajen ɗagawa, ɗaya ya miƙar da babur ya riƙe. Kuma ba a kwance shokozoban baya a kan irin wannan, domin nauyin yana bi ta cikin shokozoban ne, kana cire shi bayan babur zai rufto kan taya.

In za ka ba mai walda a Tudun Wada ko Sabon Gari ya ƙera maka irin wannan sitan na baya, kai masa babur ɗin da kansa, kada ka kwatanta da baki. A auna daga ƙasa zuwa ƙarƙashin hannuwan a ƙara santimita 4 ko 5, a auna faɗin tsakaninsu, a duba kada tafin ya ci karo da salansa, murfin sarƙa ko sandar birki. Bututun ya kai kaurin milimita 2, ba irin na kujera ba, gindin ya fi saman faɗi, waldar ta zagaye kowace mahaɗa maimakon ɗigo-ɗigo. A lulluɓe tafin da robar tsohuwar taya. Idan ka danne mariƙin har ƙasa ya kamata nauyin babur ya riƙe shi a nan. In yana neman tashi da kansa, awon bai yi ba, a mayar a gyara.

Akwai kuma jak mai shimfiɗaɗɗen sama da ke ɗaga babur gaba ɗaya daga ƙarƙashi. Ya dace da wanda ƙasan firem ɗinsa yake a shafe, amma a roba-roba da masu salansa ta ƙasa ba ya samun wurin zama. In jak ɗin irin wanda matsin man da ke cikinsa ke ɗagawa ne, sa makullinsa bayan ɗagawa, domin yana sauka a hankali cikin dare.

Ko wanne ka yi amfani da shi, rufe makunnin fetur tukuna, sannan ka girgiza babur da hannu biyu kafin ka zare komai. Wajen sa wa sarƙa mai kuma inji a kashe, a juya taya da hannu, domin haƙoran da sarƙa ke hawa suna jan tsumma su haɗa da yatsa kafin mutum ya ankara.