Kurakuran da kamfanoni suka fi yi wajen neman jari da cin bashi

Kamfani yana samun jari ne ta sayar da hannun jari, ko cin bashi, ko mayar da ribarsa cikin harkar. Samun kuɗin bai kai zaɓen irinsa wuya ba, domin jarin da bai dace da kuɗin shigar kamfani ba, ta fuskar nau'in kuɗi ko wa'adin biya, shi ne ya fi durƙusar da manyan kamfanoni.

Kuskure mafi tsada a Najeriya shi ne cin bashin dala alhali ciniki da naira ake yi. A 2013 kamfanin Etisalat na Najeriya ya karɓi rancen dala biliyan 1.2 daga bankuna 13, wani ɓangarensa kuma da dala za a biya. Da naira ta faɗi a 2016 sai biyan ya gagara, har a 2017 uwar kamfanin da ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta janye, sunan ya koma 9mobile. Abin mamaki shi ne darasin bai shiga ba. Da Babban Banki ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, dalar da ake saye a wajen naira 460 a hukumance ta kai kusan naira 1,500 a farkon 2024, kuma kamfanin MTN na Najeriya, duk da ɗimbin cinikinsa, ya rufe shekarar 2023 da asarar naira biliyan 137. Gyaran shi ne kada bashin dala ya wuce abin da kamfani ke samu da dala, kamar daga fitar da riɗi ko fata zuwa waje. Idan dole ne a shigo da injina ko kayan sarrafawa, sai a ƙulla yarjejeniya da banki a tsayar da farashin dalar tun yau, ko da hakan ya rage riba. A kuma binciki kwangilolin haya, domin a cikinsu ma dala takan ɓuya; shi ya sa MTN ya sake tattauna kuɗin hayar hasumiyoyinsa a 2024.

Na biyu shi ne gina masana'anta da bashin gajeren wa'adi. Takardun bashin kasuwanci, wato takardun da kamfani ke sayar wa masu zuba jari don karɓar rancen gajeren lokaci, ba sa wuce shekara guda, an kuma tanade su ne don sayen kaya da za a juya nan da nan. Wanda ya zuba su a ginin da zai shekara biyar kafin ya dawo da kuɗinsa, dole ya riƙa sabunta bashin a kan duk kuɗin ruwan da ya tarar, ga shi kuwa a 2024 kaɗai Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari. Dogon aiki yana buƙatar dogon jari: takardun lamuni na shekaru, rancen Bankin Masana'antu, ko hannun jari.

A nan ne kamfanonin gado na arewa suka fi noƙewa. Maigida yakan ƙi sayar da ko da kashi goma na kamfaninsa don gudun kada bare ya sa masa ido, sai ya gwammace bashin banki, har ya jinginar da gidan da iyalinsa ke ciki. Tsoron ya fi ƙarfin haɗarin, domin Dangote Cement ya shiga kasuwar hannun jari a 2010, BUA Foods ya shiga a 2022, masu su kuma har yanzu su ne ke riƙe da rinjaye. Abin da yake hana shigowar masu zuba jari shi ne haɗa aljihun maigida da asusun kamfani, da rashin lissafin da akanta mai zaman kansa ya tantance.

Masu guje wa riba irin ta ruwa suna da murabaha (banki ya sayi kaya ya sayar wa kamfani bashi da ribar da aka amince), da musharaka (haɗa jari a raba riba da asara), da sukuk (takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa), wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100. Kuskurensu shi ne ɗaukar cewa halascin ciniki ya kawar da haɗarinsa. Kuɗin murabaha bashi ne da za a biya a kan lokaci ko an sayar da kayan ko ba a sayar ba, don haka shi ma sai an auna shi da abin da ke shigowa asusun kamfani kowane wata kafin a sa hannu.