Yadda Ake Tace Jini Daga Ciwon Hanta Nau'in B: Tsinken Gwaji Kaɗai Bai Isa Ba

A asibitocinmu na Gadarif, Sinnar da Kassala, sau da yawa ɗan'uwan majinyaci ne ke miƙa hannu a ɗebi jini, kuma cikin gaggawa. Tsinken gwajin gaggawa ya nuna layi ɗaya, sai a ce jini lafiya lau. To, a nan gizo ke saƙa, domin ƙwayar ciwon hanta nau'in B ba iri ɗaya ba ce. Dangi goma gare ta, daga A zuwa J, kowanne ya bambanta da ɗan'uwansa da kusan kashi 8 cikin 100 na tsarin halittarsa. A Sudan D da E suka fi yawa, A na biye. D ita ce ta Masar da ƙasashen Larabawa, E kuwa ta Afirka ta Yamma. Wani bincike kan masu ba da jini a Khartum a 2011 ma ya gano ƙwayar da ta zama ruwa biyu, ta haɗa D da E.

Kafin a ɗebi jini, a yi wa mai bayarwa tambaya. Ya taɓa yin shawara? An yi masa ƙaho, tsaga ko ƙarin jini a 'yan watannin nan? Akwai mai ciwon hanta a gidansu? A kuma tambayi rigakafi, don wanda aka yi wa allurar cikin makonni biyu zuwa uku na iya nuna HBsAg, wato furotin ɗin fatar ƙwayar da gwaji ke nema, alhali ba ya ɗauke da cutar.

Gwajin HBsAg shi ne na farko, kuma na'urar ELISA ta ɗakin gwaji ta fi tsinke gani nesa ba kusa ba. In tsinken ne kaɗai a hannu, a kula da ajiyarsa. Yawancinsu ba sa jure zafin da ya haura digiri 30, mu kuwa a watan Mayu kanta na kusa da taga sai ta wuce 40. A karanta a daidai mintin da kamfani ya rubuta. Layi na biyu komai dishi-dishinsa layi ne, a ware ledar jinin.

Inda bambancin ƙwayar ke cizo shi ne fatarta. Gwaji na kama wani ɗan yanki ne na furotin ɗin fatar, daga gurbi na 124 zuwa 147. Idan wurin ya sauya, kamar sanannen sauyin nan na gurbi na 145 da ake kira G145R, kayan gwajin da ke riƙe da gurbi ɗaya tak sai su kuskure ta. Don haka mai sayo wa bankin jini kaya ya karanta takardar cikin kwali, ya tabbatar an jarraba su a kan D da E da masu sauyin fata. Arha a nan ba ta ado.

Sai ɓoyayyiyar cuta: HBsAg babu, amma ƙwayar na nan cikin hanta, a jini kuma 'yar kaɗan, galibi ƙasa da IU 200 (ma'aunin yawan ƙwayar) a kowane mililita. Leda guda ta isa ta harbi mai jego. Gwajin anti-HBc, wato alamar da jiki ke bari a jini bayan ya gamu da ƙwayar, ke tona wanda ya taɓa kamuwa. Sai dai irinsu suna da yawa a cikinmu, in aka zubar da duk jininsu firji zai zama wayam. Mafita ita ce a auna musu anti-HBs, wato garkuwar da jiki ya samar a kan ƙwayar: in ya kai 100 mIU a mililita, Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin za a iya karɓar jinin. In bai kai ba, a ajiye shi gefe.

Gwajin PCR ne ke ganin ƙwayar kanta, har da ta sabon kamu. A ɗebi jinin a kwalba mai murfi shunayya ta EDTA (sinadarin da ke hana jini guda), ban da ta ɗan'uwansa hefarin don tana hana gwajin aiki. A raba ruwan jinin cikin awa 6, in ba ranar za a yi ba a daskarar a digiri 20 ƙasa da sifili. Haɗa samfurin mutane da yawa wuri guda na rage kuɗi, amma yana tsarma ƙwayar da dama can ba ta da yawa har ta ɓace wa na'ura.

Wanda gwajinsa ya nuna, a maimaita sau biyu, sannan a kira shi gefe, ba a gaban dangi ba. A tura shi ga likitan hanta, a gwada matarsa da 'ya'yansa, wanda ba ya ɗauke da ita a fara masa allurar rigakafi uku: yau, bayan wata 1, sai wata na 6.