Yadda ake tsara tukuicin ƙwazo ga malamai ba tare da an rufe makarantu ba

Duk gwamnatin da ta yi niyyar biyan malami gwargwadon ƙwazonsa, ta fara buɗe takardar albashi kafin ta taɓa takardar jarabawa. Wata nawa ake bin ta? Waɗanda aka yi wa ƙarin girma a takarda, kuɗin ya shiga asusunsu? Kuɗin hutu fa? Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ya iso hannun malamin firamare? Kan wannan batu malaman firamare na Abuja suka shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025. Malamin da ke bin ariyas, in ka zo masa da zancen tukuici, abin da zai ji shi ne za a biya shi da kuɗinsa, a kuma ce ya yi godiya. A biya bashin, ko a rubuta jadawalin biyansa wata-wata a sa hannu, sannan a ci gaba.

Ƙari ne a kan albashi, kada a yanko shi daga ciki

Hanya biyu ake bi, kuma sakamakonsu ya sha bamban. Ta farko, a bar albashi da hawan mataki na shekara-shekara yadda suke, a ɗora tukuici a sama. Ta biyu, a ce hawan matakin ma sai an nuna ƙwazo.

Ingila ta bi ta biyu. A zamanin ministan ilimi Michael Gove aka soke hawan mataki kai tsaye daga Satumban 2013, aka bar wa kowace makaranta ta yanke wanda zai hau da wanda zai tsaya. Manyan ƙungiyoyin malamai biyu, NUT da NASUWT, suka yi yajin aiki yanki-yanki a Yuni da Oktoban 2013, NUT kuma ta yi na ƙasa baki ɗaya ranar 26 ga Maris 2014, inda aka haɗa batun da na fansho da yawan aiki. Gwamnati ba ta janye ba a lokacin. Amma daga Satumban 2024 aka cire wa makarantu wajabcin tsarin, bayan shekara da shekaru ana kukan tarin takardun da malami zai haɗa don tabbatar da ƙwazonsa. Matsalar wannan hanya a fili take: duk makarantar da kuɗi ya yi mata ƙaranci tana iya hana malami matakinsa ta ce bai ƙoƙarta ba, kuma ba shi da yadda zai rarrabe gaskiya da talauci.

Hanya ta farko aka gwada a jihar Andhra Pradesh ta Indiya daga 2005, a makarantun firamare na karkara. Ana ba malami rupi 500 kan kowane maki ɗaya cikin ɗari da yaransa suka ƙaru. Matsakaicin abin da malami ya samu bai wuce kashi 3 cikin 100 na albashinsa na shekara ba, amma cikin shekara biyu yaran sun zarce takwarorinsu a lissafi da harshe, har ma da kimiyya da ba a sa mata tukuici ba. Ba wanda ya rasa ko anini daga albashinsa, shi ya sa ba abin tayar da jijiyar wuya.

Wannan kashi 3 ma'auni ne mai kyau na farawa. A ce ƙaramar hukuma tana da malamai 1,000, matsakaicin albashi naira 90,000 a wata. Albashin shekara na kowa ya kama 1,080,000, kashi 3 nasa 32,400, na duka kuwa naira miliyan 32.4. A ƙara kuɗin buga takardu, da man babur, da alawus ɗin masu gwaji, a sa duka a kasafin kuɗi da layinsa daban tun kafin a yi shela. Kada a ce za a cire daga kason ƙaramar hukuma da ake biyan albashi da shi, domin watan da kason ya ragu, tukuici da albashi za su yi karo.

Me za a auna?

A nan ne mafi yawan tsare-tsare ke karyewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne biyan malami kan makin da yara suka ci a ƙarshen shekara. Ɗauki malamai biyu. Malama a cikin gari ta karɓi aji mai matsakaicin maki 70, ta kai shi 75. Malam a rugar da ba benci ya karɓi yara 110 masu maki 25, ya kai su 40. In makin ƙarshe ake dubawa, malamar ce gwarzuwa, alhali malamin ya ninka aikinta sau uku. Shekara mai zuwa kowa zai nemi a yi masa canjin wurin aiki zuwa gari, ƙauye ya zama wurin horo.

Don haka gwaji biyu ake yi: ɗaya cikin mako uku na farkon zangon farko, ɗaya a zango na uku, a biya kan tazarar da ke tsakani. Ita ma tazarar tana da nata aibi, don hawa daga 25 zuwa 40 ya fi hawa daga 80 zuwa 95 sauƙi. Maganinsa a kasa yara rukuni-rukuni bisa makin farko, a gwama kowane yaro da sa'o'insa na wasu makarantu. In hakan ya yi wa ofishin sakataren ilimi nauyin lissafi, akwai hanya mai sauƙi da ƙungiyar Twaweza ta gwada a Tanzaniya: a sa farashi kan kowace gaɓa. Yaro ya gane baƙaƙe, malami na da kaza. Ya karanta kalma, ƙarin kaza. Ya karanta gajeren labari ya amsa tambaya, ƙarin kaza. Haka a lissafi, daga ƙirga zuwa tarawa da ɗebewa. Mu wannan muka fi so ga aji 1 zuwa 3, saboda malami zai iya lissafa abin da zai samu a bayan littafinsa. Tsarin da sai an kira masanin ƙididdiga ya yi bayaninsa, malamai za su ɗauka maguɗi ne, ko da kuwa ba shi ba ne.

A yi gwajin ƙananan azuzuwa da harshen da ake koyar da su, yaro ɗaya-ɗaya, kamar minti goma zuwa sha biyar kowanne. A ajin da ya haura yara ɗari, a zaɓi 25 ko 30 da ƙuri'a daga rajista, a ranar, a gaban kwamitin makaranta. A guji ranar kasuwa, a guji lokacin girbi.

Kada makin yara ya zama shi kaɗai. Rabon da ke da daidaito shi ne kashi 40 ga ci gaban yara, 30 ga zuwa aiki, 30 ga abin da mai duba aji ya gani: shirin darasi, duba littattafan yara, yadda ake kula da na bayan aji. Zuwa aiki kuwa ba da rajistar hedimasta ake tabbatar da shi ba, don kowa ya san yadda ake sa wa juna hannu. Ziyarar ba-zata ake yi, aƙalla sau biyu kowane zango, ɗaya da sassafe, ɗaya bayan tara.

Inda ɓarna ke shigowa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan guda uku ce.

Ta farko, koyar da jarabawa maimakon darasi. A gundumomin Busia da Teso na Kenya, a 1998 da 1999, an ba malaman makarantu 50 kyaututtuka bisa makin yara. Maki ya hau, amma da aka duba sai aka ga darussan bitar jarabawa ne suka ƙaru, fashin malamai bai ragu ba, da shirin ya ƙare kuma bambancin ya ɓace. Rigakafinsa: a sauya fasalin tambayoyi kowace shekara, a kuma cusa waɗanda haddace ba ta amsa su.

Ta biyu, ɓoye yara marasa ƙarfi ranar gwaji. Duk yaron da ya zauna gwajin farko bai zo na ƙarshe ba, a rubuta masa maki mafi ƙanƙanta, sai dai in akwai shaidar ƙaura ko rasuwa. Da zarar malami ya san haka, shi da kansa zai bi yaro har gida.

Ta uku, gyaran amsa. A Atlanta ta Amurka, binciken jiha na 2011 ya ambaci malamai da shugabanni 178 a makarantu 44 da hannu wajen goge amsoshin yara a gyara, kuma a 2015 kotu ta samu 11 da laifi. Lada mai tsoka da barazanar kora aka haɗa a kan maki guda. Saboda haka malami ba ya gwada ajinsa, ba ya duba takardun yaransa, kuma ba a kwana da takardu a makaranta. A sake gwada makaranta ɗaya cikin goma ba sanarwa.

Shin a biya mutum ɗaya ko makaranta duka? Birnin New York ya gwada na makaranta duka daga 2007 zuwa 2010, har dala 3,000 ga kowane malami, makin yara bai motsa ba, aka dakatar. A makaranta mai malamai sittin kowa yana jiran ɗan'uwansa. A Andhra Pradesh na mutum ɗaya ya fi tasiri daga shekara ta biyu. Amma a makarantar ƙauye mai malamai huɗu, inda ɗaya ke riƙe aji biyu in wani ya tafi jana'iza, raba tukuicin tsakaninsu ya fi kusa da adalci. Abin da ba a yi sam shi ne ƙayyade adadi, a ce goma na sama kaɗai za su samu. Ranar da aka faɗi haka, malami ya daina ara wa maƙwabcinsa ko alli.

Zama da ƙungiya

Shugaban NUT ta Nijeriya, wato ƙungiyar malamai, a matakin jiha zaɓarsa aka yi, kuma ƙarfinsa yana cikin kasancewar mambobinsa a kan tsarin albashi guda. Duk abin da zai raba su gida biyu, masu samu da marasa samu, barazana ce ga kujerarsa da kuma ƙarfin ciniki na gobe. Gwamna kuwa yana son abin da zai nuna kafin zaɓe. Wanda bai fahimci waɗannan buƙatu biyu ba zai ɗauka gardamar a kan ilimi ce kawai.

Akwai kuma tarihi. A Kaduna, a 2017, an yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarabawar matakin aji huɗu, aka ce 21,780 sun kasa cin kashi 75, aka sallame su. NUT ta shiga yajin aiki ranar 8 ga Janairun 2018, ta janye bayan kwana goma. Ko mutum yana ganin matakin daidai ne ko a'a, tun daga lokacin duk malamin Arewa da ya ji kalmar gwaji, jerin sunayen kora yake hangowa. Shi ya sa sharaɗin farko a yarjejeniya ya zama wannan, a rubuce: makin tukuici ba zai zama hujjar kora, ko rage mataki, ko canjin wurin aiki ba. Ladabtarwa tana da nata hanya a dokokin aikin gwamnati.

A kira ƙungiya tun ana zana tsarin, kafin 'yan jarida su ji. A kafa kwamiti mai wakilan SUBEB (hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha), da NUT, da shugabannin makarantu, da iyaye. A fara gwada tsarin na shekara guda a ƙananan hukumomi biyu ko uku, na gari da na karkara, a zaɓi makarantun da ƙuri'a a bainar jama'a don kada a ce na 'yan jam'iyya ne. Kowane malami ya karɓi takardar makinsa dalla-dalla, da kwana 14 na ɗaukaka ƙara gaban kwamitin da ba hedimastansa a ciki.

Masu tunanin doka za ta yi musu maganin yajin aiki su dubi Chicago. Dokar jihar Illinois ta 2011 ta ce sai kashi 75 na mambobi sun yarda kafin a tafi yaji, ana zaton ba za a iya kaiwa ba. Kusan kashi 90 suka amince. A Satumban 2012 malamai suka rufe makarantu kwana bakwai na karatu, aka ƙare da jingine biyan albashi bisa ƙwazo, aka kuma tsayar da kason makin yara a tantance malami kan kashi 30.

In wa'adi ya riga ya fito

Yajin aiki a Nijeriya yana da matakala da kowa ya sani: wa'adin kwana 21 ko 14, sai na bakwai, sai yajin gargaɗi, sai na sai-baba-ta-gani. Yawanci ana ɗora shi dab da jarabawa ko dab da zaɓe, lokacin da kukan iyaye ya fi ƙara. Wa'adin farko shi ne mafi arha. A karanta takardar buƙatu da kyau, domin sau da yawa tukuicin shi ne na biyar a jeri, ariyas da ƙarin girma ne na ɗaya da na biyu. A dakatar da gwajin na zango ɗaya, a biya wani ɓangare na bashin, a koma tebur.

Sashe na 43 na dokar rikicin ma'aikata ya ba mai ɗaukar aiki damar riƙe albashin kwanakin yaji. An yi amfani da shi kan ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, a yajin wata takwas na 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, sai batun albashin da aka riƙe ya zama sabon rikici, har a Oktoban 2023 gwamnati ta amince ta saki na wata huɗu. Ga malamin firamare da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, wannan sanda tana dawo da shi aji, amma ba ta dawo da yardarsa da makin da za a ba shi.

A yarjejeniyar komawa aiki, a rubuta cewa kwanakin yaji ba sa cikin lissafin zuwa aiki, ga wanda ya shiga da wanda bai shiga ba, in ba haka ba tukuicin ya koma ladan karya yaji. In an rasa fiye da mako huɗu, a matsar da gwajin ƙarshe daidai da kwanakin da aka rasa. A kuma sa ranar biya a takarda, kafin makarantu su koma a Satumba, kuɗin ya tafi kai tsaye asusun bankin malami da sunansa daban a saƙon banki, kada ya bi ta hannun hedimasta ko ofishin sakataren ilimi.