Yadda za ki rubuta labarin ƙarfafa bangaskiya daga abin da kike gani kullum

Yawancin ƙagaggun labaran da ake karanta mana a taron Zumuntar Mata hanya ɗaya suke bi. Mace tana cikin wahala, ta yi azumin kwana uku, sai ga kawu ya aiko da kuɗi daga Amurka, ko a kira mijinta aiki a Abuja. A tafa, a ce halleluya, a watse. Ba na musun cewa Ubangiji yana iya yin haka. Amma gwauruwar da ke bencin baya ba ta da kawu a ko'ina. Za ta koma gida ta tarar da tukunyarta yadda ta bar ta, labarin kuma ya ƙara nuna mata cewa alherin Allah a gidan wasu yake sauka. Ita nake so mu rubuta wa, ta ji labari ta gane cewa a tsakar gidanta ma akwai abin kallo.

Ki fara da sayen ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare, ki ajiye shi inda hannunki zai kai. Kafin ki kwanta, ki rubuta abu guda da idonki ya gani a ranar. Abin da kika gani, ba abin da kika ji a zuciya ba. In kin rasa inda za ki duba, ki dubi hannuwan mutane. Akwai wata tsohuwa da ke share mana harabar majami'a ran Asabar da yamma. Ba ta sa tsintsiya sai ta yayyafa ruwa da tafin hannu daga bokiti, don kada ƙura ta shiga ta hau bencin da aka riga aka goge. Kuma da baya da baya take tafiya tana sharar, saboda kada sawunta ya ɓata zanen da tsintsiya ta bari a ƙasa, zanen da yaran makarantar Lahadi za su tattake tun kafin a buga ƙararrawar farko. Abin da ya shiga littafina ke nan, da bokitin da tsintsiyar da tafiyar baya. Ban rubuta "na ga aminci" ba. Wannan kalmar kowa yana da ita, bokitin ne ba kowa ya lura da shi ba.

Hanyar ba tawa ba ce. A Markus sura 12, Yesu zama ya yi daura da wurin saka baiko yana kallon jama'a, da haka ya ga gwauruwar nan mai anini biyu. Misalansa ma daga cikin gida ya kwaso su: macen da ta kunna fitila ta share ɗaki tana neman kuɗinta guda da ya ɓace cikin goma, a Luka 15, da wadda ta cuɗa yisti cikin mudu uku na gari, a Matiyu 13.

Kafin ki ɗora alƙalami a kan labari, ki zauna ki karanta Littafin Rut a zama ɗaya. Sura 4 ne, aya 85, ba zai kai tsawon dahuwar wake ba. Ki karanta shi da idon mai koyon sana'a. Babu teku da ya rabu, babu mala'ika, babu wuta daga sama. Akwai yunwa, da mutuwar maza uku a ƙasar Mowab, da suruka da matar ɗanta da suka iso Baitalami hannu wofi a farkon kakar sha'ir. Rut ta fita kala a bayan masu girbi, aikin da Shari'a ta bar wa matalauta da baƙi a Littafin Firistoci 19. Ki lura da inda marubucin ya tsaya ya daɗe: lokacin cin abinci a gona, Bo'aza mai gonar ya miƙa mata gasasshen hatsi, ta ci ta ƙoshi, ta rage saura, da yamma ta fito da ragowar ta ba surukarta Na'omi. Ki lura kuma yadda ya umarci ma'aikatansa a asirce su riƙa zare zangarniya daga dami suna yarwa, don ta tsinta ba tare da ta ji kunya ba. A nan daɗin labarin yake. Marubucin da kansa da wuya ya ce ga abin da Allah ya yi, sunan Ubangiji a bakin mutane ya fi yawo, cikin gaisuwa da sa albarka. Amma wa ya gama littafin bai ga hannunsa ba?

Yanzu ki buɗe littafinki ki zaɓi abu guda. Mutum ɗaya, buƙata ɗaya, yini ɗaya sun isa. A ce kin rubuta cewa mai ƙosan bakin layinku tana ƙara wa wani yaro gyara fiye da kowa, kuma ba ta ɗaga kai ta dube shi in tana ƙarawa. Ki tambayi kanki me ya sa ba ta dubansa. Daga nan ƙagen ya fara, kuma kina da izinin ƙirƙira. Wataƙila uwarsa ƙawarta ce da ta rasu suna cikin gaba. Wataƙila a ranar farashin wake ya tashi, ita kanta ba ta san ko za ta mayar da uwar kuɗi ba, sai ga yaron ya iso da naira ɗari a dunƙule. Matsaminta yana cikin mai, ƙosai uku suka rage. Labarinki duka yana cikin abin da za ta yi da na ukun.

Ki canja suna, ki canja unguwa, in da hali har sana'a. Ikilisiyoyinmu ƙanana ne, kuma labarin da aka gane mai shi ya zama gulma ko da an rufe shi da amin. Abin da wata ta faɗa miki don ki taya ta addu'a kuwa, ba naki ba ne sai kin roƙa ta ba ki.

Wurin da hannu ya fi ƙaiƙayi shi ne wa'azi. Ki bar wa fasto bagadinsa. Annabi Natan, a 2 Sama'ila 12, bai fara da tsawata wa Dawuda ba. Labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa guda ya ba shi, wadda take ci daga abincinsa, take sha daga ƙoƙonsa, har sarki ya fusata ya yanke wa kansa hukunci bai sani ba. Don haka, in Ladi kika sa wa mai ƙosan suna, maimakon ki rubuta "Ladi ta tuna cewa Allah yana ƙaunar mai bayarwa da daɗin rai", ki rubuta: "Ladi ta tsamo na ukun ta jefa a takardar, ta ce, 'Wuce, ka tare mini iska.'" Aya a cikin labari kamar gishiri ce a miya, guda ɗaya a bakin wanda ya dace ta wadatar. Sau da yawa baitin waƙar da mutum yake rerawa ƙasa-ƙasa yana wanki ya fi dogon nassi aiki.

Kada kuma ki goge baƙin ciki don labari ya yi kyau. Na'omi ta faɗa a gaban matan garinsu cewa ta tafi a wadace, Ubangiji ya komo da ita hannu wofi, ba a kuwa share maganar daga littafin ba. Zabura 88 da duhu ta ƙare. A cikin masu sauraronki akwai waɗanda rikici ya raba da mazajensu da gonakinsu, nan da nan suke gane labarin da ya yi musu ƙarya. In yaron maraya ne da safe, ki bar shi maraya da dare. Abin da ya sauya shi ne ya kwana da abu a cikinsa, kuma wata ta san da zamansa.

Sai harshe. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller ya jagoranta, Hausa ce ta haɗa Birom da Angas da Tangale da Bura a benci ɗaya. Da yawa daga cikinmu a coci da kasuwa muka koye ta. Ki yi amfani da Hausar da kike cinikin tattasai da ita, ki ajiye manyan kalmomin da sai an duba ƙamus.

In kin gama, ki karanta da ƙarfi a gaban mutum biyu, tsohuwa da yaro. Inda yaron ya fara wasa da takalminsa, ki yanke. Inda tsohuwar ta ce "ba haka ake yi ba", ki gyara, don ta fi ki sanin yadda ake kaɗa ƙullu. Shafi biyu sun isa, wajen minti biyar ke nan, daidai abin da shugabar zumunta za ta iya ba ki tsakanin waƙa da baiko. Bayan taro ki naɗi muryarki a waya ki tura ta WhatsApp ga waɗanda ba su iya karatu ba da waɗanda jinya ta hana zuwa.