Yadda Za Ka Gane Ko Aiki Ya Dace Da Kai Kafin Ka Kai Takardu

Duk shekara jami'ar Andre Salifu tana yaye ɗalibai, kuma a Damagaram idon galibinsu yana kan matatar mai ta SORAZ ko ƙungiyoyin agaji. Ba laifi ba ne. Amma ƙanena, na sha ganin matashi ya samu gurbin da ya daɗe yana roƙon Allah a kai, kafin wata shida aikin ya fita daga ransa. Abin yana damuna ƙwarai.

Fara da kanka. Bayan sallar isha'i ka zauna ka tuna abin da kake yi ba sai an sa ka ba. Kai ne mai gyara wayar lantarki a gida? Ko kai ne mai riƙe littafin bashi a shagon kawunka a Kasuwar Dole, kana jin daɗi in lissafi ya fita daidai? Rubuta abu uku. In kuɗi ne kan gaba saboda kana ɗauke da iyaye da ƙanne, rubuta shi ba kunya. Dalili ne mai ƙarfi, sai dai shi kaɗai ba ya tada mutum da asuba shekara da shekaru.

Daga nan ka nemi wanda ke cikin aikin, ka ce masa, “Yaya, yaya wuninku yake?” Matatar da aka buɗe a 2011 tana bayan gari ne, tafiyar kusan kilomita 50 a hanyar Tanut, kuma injin ba ya barci, akwai masu kwana a kansa. Ma'aikacin agaji kuwa yakan yi kwanaki a ƙauyukan Magarya ko Gure, cikin rana da ƙura, nesa da iyali. Auna wannan da abu ukun da ka rubuta.

Sai wasiƙar neman aiki. Kada ka kwafi ta abokinka, masu ɗaukar ma'aikata sun gaji da ganin kalmomi iri ɗaya. Faɗi abu guda da ka taɓa yi da hannunka wanda ya yi kama da aikin.

In an ɗauke ka, lokacin gwaji naka ne kai ma. Kowace Jumma'a ka tambayi kanka wane sashe ne ya sa ka manta da agogo, wane ne ka yi ta jan ƙafa a kai. Kafin wa'adin ya cika, ka samu shugabanka cikin ladabi: “Ranka ya daɗe, a nan na fi ƙarfi, ko za a ƙara mini a ciki?”